Bruce Onobrakpeya: Ɗalibin Zariya da sa hannunsa ke mayar da takarda dukiya

Bruce Onobrakpeya mai zane ne ɗan Najeriya, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a shekarar 1958. An fi saninsa da zanen ɗab'i, wato zanen da ake sassaƙawa a jikin faranti, a shafa masa tawada, a danna shi a kan takarda, a fitar da ƙayyadadden adadi, kowace takarda da lambarta da sa hannun mai aikin. Ayyukansa na ajiye a manyan gidajen tarihi na duniya, ciki har da Tate da ke Landan, da gidan tarihin Fadar Vatican, da gidan zane-zanen Afirka na Smithsonian da ke Washington.

Tarihinsa na taimakawa wajen warware wata tambaya da ke ɗaure wa mutane kai: me ya sa wata bugaggiyar takarda take ƙarewa a teburin mai tsire, wata kuma mai kama da ita a yi ta rige-rigen tayi a kanta a zauren gwanjo? Masu wannan harka abu uku suke dubawa: hannun da ya yi aikin, adadin da aka buga, da hanyar da takardar ta biyo kafin ta iso hannun mai sayarwa. Da waɗannan ma'aunai ake yi wa bugun mai zane kuɗi, da su kuma ake yi wa fastar gidan tarihi mai ɗauke da sa hannu.

Asali da karatun farko

An haifi Bruce Obomeyoma Onobrakpeya ranar 30 ga Agusta, 1932, a garin Agbarha-Otor kusa da Ughelli, a yankin da yanzu yake cikin Jihar Delta. Ɗan ƙabilar Urhobo ne, kuma mahaifinsa yana sassaƙa itace. Ya yi karatun sakandare a makarantar Western Boys' High School da ke birnin Benin, garin da ya yi suna tun ƙarnoni da suka shige wajen ƙirar tagulla.

Bayan ya gama, makarantar ta ɗauke shi malamin zane daga 1953 zuwa 1956, sannan ya koyar na ɗan lokaci a makarantar maza ta Ondo. A watan Oktoban 1957 ya samu gurbi a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya da ke Zariya, da tallafin karatu na Gwamnatin Tarayya. Yana da shekara 25 ya taho Arewa.

Shekarun Zariya

A 1955 aka dawo da sashen zane na kwalejin daga Ibadan zuwa Zariya. Galibin malaman Turawan Birtaniya ne, manhajar kuma irin ta makarantun zane na Landan ce. Daga cikin malaman akwai 'yar Najeriya, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda ta koyar da yawancin ɗaliban da suka yi suna daga baya.

A watan Oktoban 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu, Uche Okeke ya zama jigonta. Cikinsu akwai Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da shi Onobrakpeya. Matsayarsu ita ce a koyi dabarun aiki na Turawa, amma abin da za a zana da yadda za a tsara shi su fito daga gida. Kowa ya koma ga gadonsa: Uche Okeke ya ɗauki zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya kuwa ya tsunduma cikin tatsuniyoyin Urhobo da adon rinannun tufafin Yarabawa da ƙirar Benin. Daga baya ne marubuta suka laƙaba musu sunan 'Yan Tawayen Zariya. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu, kwalejin kuma ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Garin Zariya kansa ya shiga aikinsu. A cikin bugun farko-farko da Onobrakpeya ya yi akwai wanda ya kira Zaria Indigo, wato shunin Zariya, sunan da ke nuni ga sana'ar rini da karofin garin. Ya kuma zana filaye da itatuwan Arewa. Abokin ajinsa, Jimo Akolo, wanda ya zauna a Zariya har ya zama farfesa, ya yi fice da zanen makaɗan Hausa da mahayan Fulani.

A 1960, suna ɗalibai, aka ba Onobrakpeya da Okeke da Nwoko aikin ƙawata rumfar zane-zane a baje kolin bikin samun 'yancin kai da aka yi a Legas. Ya karɓi diflomarsa a 1961, ya ƙara shekara guda ya samu shaidar koyarwa.

Littattafai da aji

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi makarantar boko a shekarun 1960 zuwa 1980 sun ga aikin Onobrakpeya ba tare da sun san sunansa ba, domin shi ya yi zanen cikin littattafan karatu da dama. Ya yi wa littafin Chinua Achebe mai suna No Longer at Ease zane, ya yi wa The Forest of a Thousand Daemons, fassarar da Wole Soyinka ya yi wa littafin D. O. Fagunwa a 1968, haka kuma Sugar Girl na Kola Onadipe.

Wanda ya fi kusa da mai karatun Hausa shi ne An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1962. Manazarta, ciki har da Neil Skinner, sun nuna cewa labarin ya samo tushe daga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930. Labarin da aka fara bugawa a Zariya ke nan ya koma Ingilishi, wanda ya yi karatu a Zariya kuma ya zana masa hotuna.

Daga 1963 zuwa 1980 ya koyar da zane a Kwalejin St Gregory da ke Legas. A waɗannan shekaru ya halarci bitocin ɗab'i da Ulli Beier ya shirya a Ibadan da Oshogbo, inda wani gwani ɗan ƙasar Holan, Ru van Rossem, ya koyar da sassaƙar farantin ƙarfe. Daga nan hankalinsa ya karkata ga ɗab'i fiye da zanen fenti.

Ɓarnar asid da ta zama dabara

Yadda aka saba yin wannan aiki shi ne a samu farantin tutiya ko na jan ƙarfe, a rufe fuskarsa da wani abu mai kama da kaki, a ja zanen da tsinken ƙarfe har ƙarfen ya bayyana, sannan a tsoma farantin cikin asid. Asid ɗin zai ci wuraren da aka ja kawai, ya bar ramuka. Sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai ɗan danshi, a bi da su ta cikin injin matsi. Kowace takarda sai an sake shafa tawada an sake gogewa da hannu, shi ya sa ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

A 1967 asid ɗin hydrochloric ya ci wa Onobrakpeya wani faranti fiye da kima. Maimakon ya yar da shi, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite. Da ya buga, sai ya ga tudu da kwarin da busasshen gam ɗin ya bari sun fito a jikin takardar, har ana iya jin su da yatsa. Ya ci gaba da gwaji har ya mayar da abin hanyar aiki: ya gina fuskar faranti da gam, ya sassaƙa zane a jikinta, ya buga da launuka da yawa. Ya raɗa wa dabarar suna plastograph.

Ya ƙirƙiro wasu hanyoyin kuma. Yakan ɗauki ledar lino da ya sassaƙa ya gama bugu da ita, ya shafe ta da launin tagulla, ta zama aiki mai zaman kansa. Yakan danna fallen alminiyam a kan sassaƙa har ya ɗauki siffarta. Ya kuma tsara wasu alamomin rubutu da ya kira Ibiebe, waɗanda ke wakiltar kalmomi da hikimomin Urhobo.

Amfanin ɗab'i ga mai zane da mai saye a fili yake. Zanen fenti guda ɗaya ne, falo ɗaya zai shiga, kuma sai mai hannu da shuni. Faranti guda kuwa zai ba da takarda 30 ko 50, kowacce aikin hannu ce, amma kuɗinta bai kai na zanen fenti ba. Ta haka ayyukansa suka shiga gidajen malaman jami'a da ma'aikata da baƙin ƙasashen waje, suka bazu fiye da na yawancin tsararrakinsa.

Sahel da Neja-Delta

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da fari ya sake afka wa ƙasashen bakin Sahara, Onobrakpeya ya waiwayi Arewa. Daga 1985 zuwa 1988 ya yi jerin ayyukan da ya kira Sahelian Masquerades, wato dodannin Sahel, ya kuma fitar da littafi mai wannan suna a 1988. A ciki ya ɗauko sutura da ado da kayan rayuwar mutanen yankin, ya yi amfani da su wajen jan hankali ga kwararowar hamada da halin da makiyaya da manoma ke shiga. Batu ne da mutanen Kebbi da Sakkwato da Katsina da Maraɗi suka sani ba a littafi ba.

Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas a watan Nuwamban 1995, ya juya ga yankinsu, ya yi ayyuka a kan ɓarnar da haƙar mai ke yi wa ƙasa da ruwa a Neja-Delta. A 1998 ya fara Bitar Hunturu a mahaifarsa Agbarha-Otor, a wani gini da tsohon abokinsa na Zariya, Demas Nwoko, ya tsara. Duk shekara masu zane da masu sassaƙa da ɗalibai kan taru a can su yi aiki tare.

Gidajen tarihi da gwanjo

A 1990 yana cikin masu zane biyar daga Afirka da aka nuna ayyukansu a babban baje kolin birnin Venice na ƙasar Italiya. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1989. Ya samu lambar ƙasa ta MFR a 2002, da karramawar UNESCO ta taskar ɗan Adam mai rai a 2006, da lambar NNOM a 2017, wadda ita ce mafi girma da Najeriya ke ba masana da masu fasaha.

A 2008, a gwanjon farko da kamfanin Arthouse Contemporary ya yi a Legas, an sayar da aikinsa mai suna Greater Nigeria a kan Naira miliyan 9.2. A 2023 gidan tarihi na High da ke Atlanta a Amurka ya shirya masa baje koli na musamman mai suna The Mask and the Cross, aka kuma kai shi Smithsonian a 2024. Ginshiƙin baje kolin shi ne zanen da ya yi wa Cocin Katolika na St Paul da ke Ebute Metta a 1967, da bugunsa na 1969, inda ya zana labarin gicciye na aƙidar Kirista da mutane baƙaƙe cikin suturar gida.

Irin waɗannan baje koli su ne mahaifar fastar gidan tarihi: takardar sanarwa mai ɗauke da hoton ɗaya daga cikin ayyukan mai zane, da sunan gidan, da ranakun buɗewa da rufewa.

Yadda fasta ta zama abin tarawa

Fasta mai launi ta samu gindin zama ne a birnin Paris a ƙarshen ƙarni na 19, ta hanyar bugun dutse da Bajamushe Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796. Fastocin Jules Chéret da na Henri de Toulouse-Lautrec sun yi farin jini har mutane na ɓamɓare su daga bango suna kaiwa gida. A wannan zamani ne kuma James McNeill Whistler ya yaɗa al'adar sa wa bugu hannu da fensir, yana tsawwala kuɗin waɗanda ya sa wa hannu.

Salon da ya kai wannan harka ƙololuwa shi ne Pop, sunan da aka yanko daga kalmar Ingilishi mai nufin abin da ya karɓu a wurin jama'a. Ya faro a Birtaniya a shekarun 1950, ya bunƙasa a Amurka a shekarun 1960. Masu shi suna ɗauko hotunansu daga tallace-tallace da jaridu da kayan kanti da fuskokin taurarin fim.

Jagoransu shi ne Andy Warhol. An haife shi a Pittsburgh a 1928, iyayensa baƙin haure ne daga yankin da yanzu yake ƙasar Slovakia. Ya koma New York a 1949, ya yi shekaru yana zanen tallar takalma da mujallu. A 1962 ya nuna zanen gwangwanayen miyar Campbell's guda 32, a shekarar kuma ya fara buga fuskar 'yar fim Marilyn Monroe bayan rasuwarta. Dabararsa ita ce tura fenti ta cikin miƙaƙƙen ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, irin wadda masu buga tambarin jam'iyyu a riguna ke amfani da ita a kasuwanninmu. Ya mutu a 1987.

Fuskar Marilyn ta nuna matakan daraja ƙarara. A sama akwai zanen 1964 da aka sayar a gwanjon Christie's na New York a watan Mayun 2022 a kan Dala miliyan 195. A tsakiya akwai jerin bugu goma na 1967, wanda aka fitar da 250 na kowanne. A ƙasa akwai fastar baje kolinsa na gidan Tate a 1971, wadda injin maɗaba'a ya buga da yawa don sanarwa. Warhol mutum ne mai saurin sa hannu a kan abin da masoya suka miƙo masa, don haka akwai fastocin da ke ɗauke da sa hannunsa, kuma sun fi sauran tsada. Duk da haka sa hannun bai mayar da su bugun mai zane ba. Abin da mai saye ya biya shi ne shaidar cewa takardar ta taɓa shiga hannun mai zanen a wani lokaci da wani wuri da aka sani.

Najeriya ma tana da misali. Zanen Tutu, hoton gimbiyar Ife Adetutu Ademiluyi da Ben Enwonwu ya yi a farkon shekarun 1970, ya bazu a matsayin fasta a gidaje da ofisoshi. Da aka gano ɗaya daga cikin na asali a wani gida a Landan, kamfanin Bonhams ya sayar da shi a watan Fabrairun 2018 a kan Fam miliyan 1.2. Fastocin sun taimaka wajen ɗaukaka sunan zanen, amma ba su gaji kuɗinsa ba.

Onobrakpeya ba ɗan salon Pop ba ne, domin daga tatsuniya da gargajiya yake ɗebo hotunansa, ba daga kanti ba. Wanda ya fi kusa da salon a Najeriya shi ne Lemi Ghariokwu, wanda ya zana bangon fayafayen Fela Kuti guda 26. Inda Onobrakpeya da Warhol suka haɗu shi ne yarda da cewa maimaita hoto ba ya rage masa mutunci, muddin an san wanda ya yi shi da yawan da aka fitar.

Yadda ake rarrabewa

Abu na farko shi ne gefen takardar na ƙasa. A bugun mai zane za a ga lamba kamar 12/50, ma'ana ta 12 cikin 50. Wani lokaci a ga haruffan A/P, alamar 'yan kwafin da mai zanen ya keɓe wa kansa. Onobrakpeya kan rubuta lambar da sunan aikin da dabarar da ya bi da sa hannunsa da shekara, duka da fensir. Ana fifita fensir ne domin ba ya dusashewa kamar tawadar biro, kuma idan inji ya kwaikwaye shi ana ganewa.

Na biyu, a bambance sa hannun da ke cikin hoton da wanda aka yi a kan takardar. Masu zane kan sa suna a jikin aikinsu, to idan aka ɗauki hoton aikin aka buga fasta, sunan zai fito a kowace ɗaya. Wannan bugu ne, ba ya ƙara komai. Na gaskiya yakan bar ɗan gurbi ko ƙyallin fensir idan aka karkata takardar ga haske.

Na uku, a duba da gilashin ƙara girma. Fastar maɗaba'a tana tattare da ƙananan ɗige-ɗige masu launi huɗu a jere. Bugun faranti kuwa yakan bar sawun gefen farantin a jikin takardar, tawadarsa kuma ta ɗan taso. A plastograph tudu da kwarin ba sa ɓuya.

Na huɗu shi ne tarihin mallaka: rasit, wasiƙar mai zane ko ta gidan da ya sayar, kundin baje koli, ko hoton ranar da aka sa hannu. Sa hannu kaɗai ba hujja ba ce. Mai zanen nan na Sifaniya, Salvador Dalí, ya sa hannu a kan dubban fararen takardu, daga baya wasu suka buga abin da suka ga dama a kansu, kasuwar bugunsa ta cika da jabu. Hatta kwamitin tantance ayyukan Warhol ya rufe aiki a 2012 saboda yawan ƙararrakin da masu kaya ke kai shi.

Akwai kuma batun doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a 2023, tana kare aikin mai zane tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarsa. Buga aikin wani a sayar ba da izininsa ba saɓa doka ne, ko da an rubuta sunansa a ƙasa.

Adanawa a yanayinmu

Takarda tana da maƙiya huɗu a ƙasar Hausa: rana, danshi, ƙura da gara. Hasken rana na kashe launi, musamman ja da rawaya, kuma abin da ya kashe ba ya dawowa. Danshin damina, wanda ya fi tsanani a garuruwan bakin fadama irin Argungu da Birnin Kebbi, yana kawo fumfuna da jajayen tabo. Ƙurar hunturu kan shiga ta bayan firam ta zauna, gara kuma ta biyo bango.

Babbar ɓarnar da aka fi yi ita ce ta ganganci da kyakkyawar niyya: liƙe takarda cikin leda da injin zafi, kamar yadda ake yi wa takardun makaranta. Masu tara zane ba sa sayen abin da aka yi wa haka, domin ba a iya raba ledar da takardar. Haka nan salatif da gam suna barin tabo, yanke gefe don takarda ta shiga firam kuma yana tafiya da lamba da sa hannu. Abin da ya dace shi ne a sa kwali marar asid tsakanin takardar da gilashi, a rufe bayan firam ɗin, a rataye shi a bangon da rana ba ta bugu kuma ruwa ba ya tsattsafowa. Wadda ba a rataye ba a kwantar da ita a miƙe, kada a ninke ta.

Abin da ya shafi Argungu

A shekarar da ɗaliban Zariya suka kafa ƙungiyarsu, 1958, aka buɗe Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, a tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har zuwa 1942. An sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. A ciki akwai makaman yaƙi da tambura da kayan su da sauran kayan tarihin masarautar.

Garin yana da hoton da duniya ta san shi da shi: dubban masunta riƙe da gora da homa suna rugawa cikin Matan Fada, da ƙaton giwan ruwa a kan sikeli. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato. Hoton bikin ya hau kan sarkin Najeriya a jerin da aka fitar a 1973, UNESCO kuma ta sanya bikin cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2016.

Kowane biki irin wannan yana zuwa da fastoci da kalanda da katin gayyata da ɗan littafin tsarin taro. Galibinsu ba sa ɗauke da sunan wanda ya tsara su, kuma da an watse sai rana da iska su cinye su a jikin bango. Amma su ne ke riƙe da ranakun biki da sunayen baƙi da masu ɗaukar nauyi da yadda kowane zamani ya zaɓi ya nuna kansa. Bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a watan Maris na 2020, abin da ya ƙara wa takardun shekarun baya muhimmanci ga mai bincike. Haka abin yake ga Uhola ta Zuru da Rigata ta Yawuri da hawan sallah na masarautar Gwandu a Birnin Kebbi.

Tsarin da Onobrakpeya ya bi fiye da shekara 60 ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a ba mai zane sananne aikin fastar shekara, a rubuta sunansa da shekarar a jiki, a keɓe wani adadi a buga a takarda mai kyau, ya sa musu lamba da hannu, a ajiye ta farko a Gidan Tarihi na Kanta tare da rajistar waɗanda suka sayi sauran. Wanda kuma yake da tsohuwar fastar biki a akwati ko a bangon shago, ya rubuta a wata takarda daban shekarar da ya same ta da wurin da ya same ta, ya ajiye su tare. Wannan bayani shi ne abu na farko da gidan tarihi ko mai saye zai nema.